Lyle Pettigrew da Jaririn Bindawarra

Washegarin ranar da ƙungiyarmu ta Port Marlow ta gama kakar wasa a can ƙasan tebur, karo na uku a jere, Lyle Pettigrew ya shigo shagon askina ya wuce mutum huɗu da ke kan layi, ya ɗare kujera, ya ce shi zai ceto ƙungiyar.

"Aski ko gyaran gashin baki?" na ce.

"Vince, yau ba gashi ya kawo ni ba. Magana ce babba."

Shekara talatin da ɗaya Lyle ya yi yana tuƙa tiram, motar haya mai bin dogo, a titunan Melbourne kafin ya yi ritaya. Bai taɓa buga futi ba, wato ƙwallon ƙafarmu ta nan da ake cafewa da hannu, in ban da rabin wasa ɗaya a firamare da aka fitar da shi yana kuka. Amma in ka ji shi yana magana, sai ka rantse duk wani gwanin da ya taɓa cafe ƙwallo a sama a ƙasar nan sai da ya biyo ta hannunsa. Cewa yake daga yadda yaro ke hawa matakalar tiram yake gane ko zai yi wasa ɗari biyu.

Ita kuwa maganar da ta cika shagon a ranar guda ce. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓa ranar ɗibar matasa a watan Nuwamba, kuma wannan ce kaɗai ribar zama 'yan Marlow. Yaro ɗaya, wanda muka ga dama a duk faɗin ƙasar. Stavro mai kifi da soyayyen dankali, wanda shagonsa ke jikin nawa, ya kafe a kan Angus Threlfall, wani zanƙalelen yaro daga Ballarat mai tsawon mita biyu da ɗoriya. Thuy Pham mai kantin magani, wadda ta haddace alƙaluman kowane yaro kamar sunayen ƙwayoyin da take sayarwa, ta ce Kuol Ayom ko ba kowa.

"Tsawo ba a koyar da shi," in ji Stavro. "Ko ka ba yaro horon shekara goma ba zai ƙara taƙi ɗaya ba."

"Turken fitilar titi ma dogo ne," Thuy ta ce, "ka taɓa ganin ya ci ƙwallo? Ayom sau talatin da ɗaya ya taɓa ƙwallo a wasan ƙarshe."

"Sau nawa ya ba abokan gaba?"

"Sau nawa kai ka ba mutane kifin jiya?"

Lyle ya bari sai da suka gaji, sannan ya yi wata dariya ta tausayi.

"Makafi biyu suna musu a kan kalar riga. Threlfall gwiwarsa ta ruwa ce, na gani a tafiyarsa. Ayom kuwa kunnuwansa sun yi ƙanana."

"Kunnuwa, Farfesa?" in ji Stavro.

"Mai ƙananan kunnuwa ba ya jin koci. Wannan ilimi ne, ba soya dankali ba."

Nan ya rage murya ya fasa mana sirrin. Wani direban babbar mota ya tsegunta masa cewa a Bindawarra, ƙauyen tumaki mai tafiyar awa huɗu daga gari, akwai wani mai lamba ashirin da uku da ke cin ƙwallo takwas, tara, kowace Asabar. Babu mai farautar 'yan wasa ko ɗaya da ya taka ƙauyen. Direban bai san sunansa ba, ya dai ji duk filin ana kiransa Jariri.

"Jariri!" Lyle ya buga hannun kujera. "Kun ji ko? Ƙila ma sha takwas ɗin bai gama cikawa ba."

Shirin shi ne ya je ya ɗauko hoton bidiyon yaron, ya nuna a taron magoya baya na Nuwamba a gaban Ros Kinnear, shugabar masu zaɓo wa ƙungiya 'yan wasa. A wannan taron ne kuma za a zaɓi shugaban magoya baya, kujerar da shi da Thuy ke nema. Ya ce da zarar an ga Jariri, ko ƙirga ƙuri'a ba sai an yi ba.

Thuy ta tashi ta ɗauki jakarta. "Lyle, in ka wuce ta kantina ka karɓi maganin jiri kyauta. Faɗuwa daga wannan tsayin ba daɗi."

Asabar ɗin wasan ƙarshe na yankin Bindawarra muka tafi, ni da shi da Stavro, a sabuwar farar motar matarsa Noeline. Ta miƙa makullin ne a bakin ƙofa, ba ta sake shi nan da nan ba.

"Lyle, ko ƙura ka dawo mini da ita, a gareji za ka kwana har Kirsimeti."

"Haba, masoyiya, ni da na tuƙa tiram shekara talatin?"

"Tiram a kan dogo yake tafiya. Ko biri aka ɗora zai kai shi."

Ya fito cikin doguwar rigar ruwa har idon sawu, da faffaɗar hula, da baƙin tabarau a kan tabaransa na gani. Wai don kada 'yan leƙen asirin sauran ƙungiyoyi su gane shi su biyo sahu.

"In an tambaya," ya ce, "ni mai sayen gashin tumaki ne daga Geelong."

Mun isa da azahar. Motoci sun kewaye filin kamar yadda ake yi a ƙauye, hancinsu a jikin shinge, mutane zaune a ciki da mitfai, gasasshen ƙullin fulawa mai nama a ciki, a hannu suna jiran a ci ƙwallo su danna oda. An kwana biyu ana ruwa, filin ya koma taɓo zalla. Dattijon da ke bakin ƙofa ya dubi Lyle sama da ƙasa.

"Jana'iza a cocin can baya take, aboki."

"Gashin tumaki nake saye."

"Madalla! Wane iri?"

Lyle ya gyara zaman hularsa. "Fari."

Kafin mu ajiye mota labari ya zaga cewa mai sayen gashi ya zo daga birni. Manoma uku suka tare shi, ɗaya har da damin gashi a leda yana tura masa a hanci, yana tambayar nawa zai saya. Lyle ya shinshina, ya gyaɗa kai, ya ce gashin ya yi gishiri da yawa. Manoman suka dubi juna. Ɗayansu ya ce wa 'yan'uwan, "Ku lura da motocinku."

Don ya tsere musu ya nufi gindin wata doguwar bishiyar turare a bayan turakun da ake cin ƙwallo a tsakaninsu, inda babu kowa. Matar da ke sayar da shayi ta ɗaga murya.

"Kai mai riga! Kar ka tsaya nan, hankaka na da ƙwai a sama!"

Watan Satumba ne, ko ɗan yaye ya san abin da hankaka ke yi wa mai wucewa ta ƙarƙashin sheƙarsa. Yaran ƙauyen duk robar askirim ce kife a kansu, an zana mata idanu. Matar ta miƙo wa Lyle guda.

"Baiwar Allah, ni tsuntsu yana ganina yake sanin ba sa'ansa ba ne. Sirrin shi ne ka kalle shi ido cikin ido."

Ya ɗaga kai sama, ya cire hula don tsuntsun ya gan shi da kyau.

Saukar farko ta tafi da baƙin tabarau. Ta biyu ta tsaga masa goshi. A ta uku Lyle ya riga ya zura da gudu, rigar ruwa tana harɗe masa ƙafafu, yana kiran sunan Noeline da ke nisan awa huɗu. Tabaransa na gani ya faɗi a taɓo, shi da kansa ya taka shi, muka ji ƙaras. Motocin da ke kewaye da filin gaba ɗaya suka danna oda, alhali ko fara wasa ba a yi ba.

Mai shayi ta naɗe masa kai da bandeji har ya rufe ido ɗaya. Ɗayan idon kuwa, babu tabarau, ba ya bambance mutum da turke in ya wuce taku goma.

"Mu koma gida, Farfesa," in ji Stavro.

"Ni ba da ido nake gani ba. Da jini nake gani."

"Ai kuwa ga shi nan yana zuba."

Aka fito wasa. Mai lamba ashirin da uku ya fito da hular soso ta kare kai da ta rufe masa har kunnuwa, kafin minti biyar taɓo ya shafe sauran fuskar. Gaskiyar magana, ya iya. Ba ya gudu ko kaɗan. Tsayawa yake kusa da turaku, ƙwallo ta zo ta same shi, ya ture na kusa da shi da ƙugu, ya cafe, ya buga ta wuce tsakiya. Filin ya ɗauka, "Jariri! Jariri!"

"Ya ci?" in ji Lyle.

"Ya ci."

"Na gani. Kun lura ba ya gudu? Natsuwa ke nan. Yaro mai kan manya."

"Kamar yana ɗingishi," na ce.

"Yaudara ce, Vince. Kai dai tsaya a almakashinka."

Shingen ya tare masa hoto, sai ya haye rufin motar Noeline da wayarsa. Na ce ya bari in ɗauka masa, ya ce hannun wanzami bai san kusurwa ba. Jariri ya ci na shida, Lyle ya daka tsalle don murna, rufin motar ya ce ɓam, ya lotsa kamar kwanon tuya. Ya sulalo ta gilashin gaba, ya tafi da sandar share ruwa guda a hannunsa.

Ya daɗe yana kallon rufin da idonsa ɗaya.

"Ƙanƙara ce," ya ce. "An yi ruwan ƙanƙara a hanya. Ku biyu shaida ne."

Ana hutun rabin lokaci Stavro ya tafi sayo mitfai. Na hango shi ya daɗe yana hira da mai shayi, ta nuna masa filin, ta faɗi wani abu. Sai na ga Stavro ya dafa tebur ya durƙushe. Ya dawo idanunsa sharkaf da hawaye.

"Lafiya?"

"Yaji ne a mitfai."

"Yaushe aka fara sa yaji a mitfai?"

Ya jawo ni gefe. "Vince, in kana ƙaunar uwarka kar ka tambaye ni komai sai Nuwamba. Ka bar ni da wannan. Ban taɓa samun kyauta irinta ba."

Jariri ya tashi da ƙwallo tara. Lyle ya ƙi zuwa ɗakin canza kaya, wai in aka gan shi da yaron asiri zai tonu. Takarda ya rubuta ya ba mai shayi ta miƙa: Port Marlow na buƙatarka, ka zo zauren ƙungiya Lahadi ta biyu a Nuwamba da ƙarfe ɗaya, ka zo da iyalinka, za a karrama ka.

"Iyali?" na ce.

"Uwarsa da ubansa mana. Yaro ƙarami ba ya sa hannu a takarda shi kaɗai."

Stavro ya cusa mitfai guda a baki don kada wani sauti ya fito.

Sati bakwai Lyle ya yi yana kwana a gareji, domin Noeline ta buga waya hukumar yanayi an ce mata rabon yankin da ƙanƙara tun bara. Bai dame shi ba. Kullum yana shagona yana ƙara wa Jariri tsawo. A satin farko mita ɗaya da tamanin ne, a na biyar ya wuce Threlfall. Ya buga takardun neman ƙuri'a da hotonsa yana nuna idonsa da yatsa. Ya ƙi nuna wa kowa bidiyon, shi ma bai kalla ba, wai sabon tabaransa bai iso ba, kuma abin da ya gani da jini ba ya buƙatar maimaici.

Ranar taro zauren ya cika, mutum sun fi ɗari uku, kowa da mayafin wuya kore da ruwan ƙasa duk da zafin da ake yi. Ana gasa sosej a bakin ƙofa. Ros Kinnear na zaune a gaba da littafinta, fuskar nan irin ta wadda ta sha jin shawarar magoya baya. Stavro ya zo tun sha biyu ya kama kujerar farko. Noeline ta zauna a baya, ta harɗe hannu.

Thuy ta fara. Minti biyar ta yi a kan Ayom, da alƙalumanta a allo, aka tafa. Wani daga baya ya yi ihu, "Threlfall!" wani ya amsa masa, "Turken fitila!" Aka ɗan yi hayaniya, aka lafa.

Lyle ya hau da kwat ɗin aurensa.

"'Yan'uwana 'yan Marlow, shekara uku ana zaɓo mana yara da kwamfuta. Yau za ku ga abin da ido ke yi. A kashe fitila!"

Hoto ya fito a bango. Wasu ramuka biyu ne baƙaƙe, manya, da gashi a ciki. Kowa ya ƙura ido yana ƙoƙarin ganewa.

"Kogon ina ne wannan?" wata tsohuwa ta tambaya.

"Hancin mijina ne," in ji Noeline daga baya.

Ashe fuskarsa kyamarar take kallo tun daga farko. Sai muryarsa ta fito ta lasifika, tangaram: "Dubi wannan! Ita wannan Ros Kinnear ko a faranti aka kawo mata ɗan wasa sai ta tambayi ina cokali. Ita kuma Thuy ta koma ƙirga ƙwayoyin basur."

Ros Kinnear ta buɗe littafinta ta rubuta wani abu.

"A wuce gaba! A wuce gaba!" Lyle yana ta ɗaga hannu. Aka wuce gaba. Hanci, bandeji, sama, hanci. Sai ihun murna, sai ɓam, sai sama ta juya, sai muryar Lyle a hankali: "Ƙanƙara ce. Ku biyu shaida ne."

Zauren ya kece. Noeline ba ta yi dariya ba, kai kawai take gyaɗawa.

"Bidiyo ba komai ba ne!" Lyle ya ƙwace makirufo. "Yaron da kansa yana nan! Jariri na Bindawarra, in kana cikin zauren nan, taso duniya ta gan ka!"

Daga can gefen ƙofa wani mutum ya miƙe a hankali, yana dafa gwiwa. Ƙato ne mai sanƙo tas, da furfura a gemu, da tumbi da ya ɗan tura riga. Matarsa na gefensa da 'ya'ya mata uku. Ya tako yana ɗingishi.

"Sannu da zuwa, Baba," Lyle ya miƙa masa hannu biyu. "Kai ne mahaifin? Ina yaron?"

"Wane yaro? Ni aka aiko wa takarda. Ni ne Jariri. Mu tara ne a gidanmu, ni ne auta."

Wani dattijo a layi na biyu ya miƙe yana nuna shi da sosej. "Kai! Wannan ai Gavin Strudwick ne!"

Sai zauren ya ɗauka gaba ɗaya. Gavin Strudwick, wanda ya yi mana wasa ɗari da arba'in. Gavin Strudwick, wanda shekara goma sha huɗu da suka wuce, a wasan kusa da na ƙarshe, ya tsaya taku goma daga turaku bayan an busa tashi, ya buga ƙwallo ta fita waje ba ta ko shafi turke ba. A lokacin gashinsa har kafaɗa. Yanzu shekararsa arba'in da ɗaya, askin tumaki yake yi.

Stavro ya zame daga kujera yana dukan ƙasa da tafin hannu.

Strudwick ya karɓi makirufo. "Na ɗauka ƙungiyar nan ba za ta taɓa yafe mini ba. Da takardar nan ta zo, matata ta ga na yi kuka." Ya ciro ta daga aljihu, ya dubi sa hannun da ke ƙasa, ya dubi Lyle. "Pettigrew. Tsaya. L. Pettigrew? Kai ne mai aiko mini da wasiƙu?"

"Pettigrew suna da yawa a gari."

"Wasiƙa talatin da shida. Kowace ta fara da 'Zuwa ga Buhun Dankali'."

"Shi ne," in ji Noeline. "Ni nake sayo masa kan sarki."

Lyle ya ja da baya, ya ci karo da wayar majigi, majigin ya biyo shi, su biyu suka sauka a kan teburin da aka jera miyar tumatir ta cin sosej. Ros Kinnear ta tashi ta karɓi makirufo.

"Malam Pettigrew, na gode da rahotonka. Mun taɓa ɗaukar wannan yaron shekara ashirin da uku da suka wuce. Doka ba ta hana a sake ba, amma likitan ƙungiya zai so ya ga gwiwar tukuna."

Ta juya ta rungume Strudwick, zauren ya miƙe tsaye ana tafi, ana "Jariri! Jariri!" Mutanen da suka shekara goma sha huɗu suna tsine masa suka yi layi yana sa musu hannu a riga. Aka kaɗa ƙuri'a a cikin wannan hayaniyar. Thuy ta samu ɗari biyu da casa'in da ɗaya, Lyle ya samu biyu. Ɗaya tasa ce. Ɗayar Stavro ya ce shi ya jefa, don bai taɓa cin moriyar mutum irin ta yau ba.

Na sami Lyle a waje a kan ciyawa, yana goge miyar tumatir daga kwat, sabon tabaransa a karkace.

"Ƙwallo tara dai ya ci, Vince. Wannan ba wanda zai ƙwace mini."

Sai ga shi autar Strudwick, 'yar shekara huɗu mai ribom a kai, ta tsinci ƙwallo a ciyawar, ta saki, ta ɗirka mata ƙafa. Ƙwallon ta taho a miƙe ta sami Lyle a tsakiyar fuska. Tabarau ya rabu biyu, ya faɗi zaune.

Muka ruga kansa. Ya ɗago yana toshe hanci da hannu ɗaya, jini na bin yatsunsa, ɗayan hannun yana lalube a iska ta inda yake zaton yarinyar take, alhali kwandon shara yake nunawa.

"Da ƙafar hagu," ya ce ta hanci. "Vince, kira mini Ros Kinnear. Ka ce ta zo da takarda."